Motar Mutumin

Shekarun baya, lokacin ina aji ɗaya a jami'a, akwai wata jar mota mai ƙofa biyu da take kwana a ƙofar gidanmu a Gyadi-Gyadi. Abin da ya tuno min da ita shi ne hoton da na ga ana ta yaɗawa a makon nan, na wani dattijo mai furfura a cikin irin motocin nan na tsere, mutane suna ta raha a ƙasa. Wani ya ce tsufa ya zo ƙuruciya ta ƙi tafiya, wani ya ce a bar wa yara kayansu. Ban san dattijon ba, ban san labarinsa ba. Na dai karanta maganganun har ƙarshe, kamar yadda na saba karanta duk abin da ya shigo hannuna, sai na ga gara yau in ba ku labarin tamu motar.

Motar ta yayana ce, ɗan farin gidanmu. Ma'aikacin jinya ne a asibiti, dogo ne sosai, ga surutu ga dariya, irin mutanen da tun daga bakin layi ake sanin sun dawo. Ni kuwa akasinsa ne. Idan baƙi suka zo gidanmu, sai sun tashi tafiya suke gane ashe akwai mutum a kusurwar falo da littafi. Shi ya sa min suna Farfesa tun ina firamare, har Umma ta kama.

Ya daɗe yana burin irin motar nan. Ranar da ya kawo ta, 'yar Kwatano ce amma tana sheƙi, yaran layinmu har da tafi. A ƙasa take sosai, in ka zauna a ciki kamar a tabarma kake. In ya tayar da ita tantabarun maƙwabcinmu sai sun tashi sama. Duk tudun da aka yi a titi don rage gudu sai ya karkace ya haye shi a hankali, yana lallashinta kamar mai lallashin mara lafiya. A cikinta ya koya min tuƙi a filin wata makaranta, bayan na ɓata masa mako guda ina cewa sai na gama karanta littafin da ya zo da motar tukuna. Ya ce a duk Kano ni kaɗai ne na taɓa buɗe littafin nan.

Mahaifinmu tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya. Gajere ne, mai farin gemu, ba ya rabo da fararen kaya da rediyo. A ƙauye ya tashi, a gidan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya kira sunan yayana ba. "Mutumin" yake ce masa. Ba ya zama tabarma ɗaya da shi, ba ya yi masa magana kai tsaye in da wani a wurin. Ni da ƙannena sunayenmu a bakinsa suke tun safe har dare, amma yayana sai dai a aika masa. Ni ne ɗan aiken, ko da kuwa suna tsaye a tsakar gida ɗaya.

"Ka gaya wa mutumin ya rage ƙarar abin nan, akwai tsofaffi a layin."

Sai yayana ya juyo wajena, yana danne dariya. "Farfesa, ka gaya wa Baba mutumin ya ji."

Duk ranar Juma'ar da ba shi da aiki sai ya wanke motar tas, ya fesa turare, ya aike ni in ce wa Baba mota tana jira. Amsar ba ta canzawa.

"Ka ce masa ƙafata lafiya ƙalau. Kuma wannan ai ba mota ba ce, takalmi ne."

Sai Baba ya saɓa dardumarsa ya wuce ta gefenta, ko kallonta ba ya yi. Yayana ya bi bayansa da ido, ya ce, "Wallahi Farfesa wata rana sai ya shiga. Ni da kaina zan kai shi masallaci a gaban kowa, in buɗe masa ƙofa, in ga ƙarshen kunya."

Allah bai nufa ba. Mutane da yawa in suka ji saurayi mai irin wannan motar ya rasu, hatsari suke fara kawowa. Ba hatsari ba ne. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, ya yi ta daurewa yana zuwa aiki, kafin a farga abin ya yi nisa. Ya dawo daga aiki wata Laraba, ya ajiye motar a inda ya saba, ya shiga gida yana cewa kansa na sara. Bai sake fitowa da ƙafarsa ba. A maƙabartar Tarauni aka kai shi.

A zaman makoki Baba ya zauna a tsakiyar tabarma, yana karɓar gaisuwa kamar ɗan maƙwabci ne ya rasu. In aka ce, "Ya haƙuri?" sai ya ce, "Mun gode Allah." Ko sau ɗaya muryarsa ba ta yi rawa ba. Mutane suka yi ta yabon tawakkalinsa. Na ji wani dattijo yana cewa irin mutanen da ke nan, yanzu babu su. Ni kaina, a raina, na ɗan ji haushinsa a kwanakin nan.

Da yake yayana bai yi aure ba, da aka zo rabon gado motar ta faɗo a rabon Baba. Kowa ya ɗauka sayarwa za a yi, ko a ba ni. Baba ya ce, "A bar ta." Aka rufe ta da tamfol, ta zauna a wurin har bayan sadakar arba'in.

Wata Asabar da hantsi ina karatu a zaure, ya tsaya a kaina ya ce, "Ina makullin motar mutumin?"

Na ɗauko. Ya sa na yaye tamfol ɗin. Rabonsa da tuƙi tun tsohuwar Fijonsa da ya sayar kafin ritaya. Ya dafa ƙofa, ya sunkuya, ya saki jikinsa cikin kujerar da ƙyar. Sai ga shi can baya, ya nutse, hannunsa da ƙyar yake kai sitiyari, yatsun ƙafarsa kawai ke taɓa birki. Yayana dogo ne, ya tura kujerar baya ya kuma ɗan kwantar da ita, yadda yake jin daɗin zama. Na durƙusa na kai hannu wajen ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerar don in matso masa da ita. Sai ya riƙe min wuyan hannu. Ban taɓa sanin akwai sauran ƙarfi irin haka a hannunsa ba.

"Bar ta yadda take."

"Baba, ƙafarka ba za ta kai ba."

"Shiga ka karɓo min filo a wajen uwarka."

Ina tsaye da filon a hannu ina kallonsa, ya kwantar da bayansa a kujerar, idonsa a rufe, tafin hannunsa a kan sitiyari daidai inda fatar ta goge. A nan haushin da nake ji ya fita daga raina. Shekara da shekaru bai zauna tabarma ɗaya da yayana ba. Yanzu ga shi zaune a wurin da ya tashi ya bari, kuma ba ya so ko da tsawon ɗan yatsa a gusar da shi.

Allah Ya taimaka motar otomatik ce, babu kulochi. Haka muka fita, filo a bayansa, ƙafarsa a miƙe, yana leƙen titi ta saman sitiyari. Motar da aka ƙera don gudu ta koma tafiyar hawainiya, masu keke suna wuce mu. Hanya ɗaya yake bi kullum. Mu fita daga layinmu, mu bi ta ƙofar asibitin da yayana ya yi aiki, mu zaga ta Unguwa Uku, mu dawo ta Tarauni. In muka zo katangar maƙabarta sai ya ƙara rage tafiyar da dama babu ita, leɓɓansa suna motsi. Ba ya tsayawa, ba ya juya kai. Da mun wuce sai ya ce wani abu daban, kamar, "Tumatir ya yi tsada bana."

Umma ba ta taɓa tambayar inda muke zuwa ba. Ita ma ɗan farinta ne, kunyarta ta ma fi ta Baba, "yayanku" kawai take cewa. Amma bayan fitarmu ta farko na tarar ta farke filon, ta ƙara masa auduga, ta ɗinka masa sabuwar riga da ragowar wata shadda. Na gane shaddar. Ta kayan sallar yayana ce. Ta miƙo min ta ce, "Wannan zai fi tokare masa baya."

Mutanen titi kuwa ba su bar mu ba. Duk inda danja ta tsayar da mu sai an leƙo. Masu adaidaita sahu su ne kan gaba.

"Baba na gayu! A taka mana ita mu ji!"

"Alhaji, wannan ai ba sa'arka ba ce!"

Akwai wanda ya jero da mu tun daga shataletale, ya leƙo da kansa yana dariya, ya ce, "Haba Baba, don Allah ka mayar wa yaron motarsa!" Fasinjojinsa suka fashe da dariya. Na saci kallon Baba. Idonsa na kan titi. Can bayan mun yi nisa ya ce, a hankali, kamar ba da ni yake ba, "Da ana iyawa."

A gidan man da muke sha, akwai wani mai zuba mai da ya saba da mu. Ranar farko ya zagaya motar yana shafawa, ya ce, "Baba, ta ɗanka ce ka aro?"

Baba ya ce, "Ta wani ce."

Ba zai iya cewa ɗana ba. Daga ranar mai zuba man ya ɗauka direban wani mai kuɗi ne, in mun zo sai ya ce, "Baba direba, ya maigidan?" Baba ya ce, "Yana inda ya fi nan." Shi kuma ya ɗauka ƙasar waje ake nufi, ya ce a tuna da shi in za a aiko tsaraba.

Ni kuwa, da kunyata da komai, dabarar da na samo ita ce in riƙa tafiya da takardun darasi. Da an fara tsokana sai in ɗaga su daidai fuskata kamar mai nazari. Na yi wata da watanni ina karanta shafi ɗaya, har yau ban san abin da ke cikinsa ba.

Fita daga motar ya fi shigarta wuya. Sai na zagayo na kama hannunsa, ya dafa ƙofa, gwiwoyinsa suna ƙara, hularsa ta bugi rufin ta faɗi. Wata rana a Unguwa Uku mun tsaya sayen lemo, ashe wani ya ɗauke mu a waya. Bayan kwana biyu ina zaune a aji, abokina ya miƙo min wayarsa yana dariya har da hawaye.

"Kalli wani tsohon ɗan duniya. Jiki ya ƙi, zuciya ta ce sai an yi."

An sa wa hoton kiɗa, an maimaita wajen faɗuwar hular. Ga ni nan a gefe, na saki takardun ina kama hular. Abokina ya sake kallo, ya kalli jakar da ke kafaɗar yaron cikin hoton, ya kalli wadda ke kan teburina. Dariyar ta tsaya. Na ce, "Babana ne." Ya ce, "Wallahi ban sani ba." Na ce na san bai sani ba.

Waɗannan duk baƙi ne, ba su san mu ba. Abin da ya fi ciwo shi ne na mutanen layinmu, waɗanda suka sallaci yayana, suka san motar tasa ce. Sun yi shekaru suna ganin Baba yana wuce ta ko kallo babu, sun ga idonsa a bushe a zaman makoki, sun yarda da abin da suka gani. Don haka da ya fara shigarta, fassara ɗaya ce ta zo musu. Na wuce ta majalisarsu na ji wani yana cewa, "Ashe dama Malam yana ciki, kunya ce ta hana." Wani ya ce ƙuruciya ce da ba a yi ta a kan lokaci ba. Wani ya ce ritaya ce, in ba a yi hankali ba takan taɓa mutum. Liman ya daina tura shi gaba ya ja salla a madadinsa.

Maganar ta kai wa Baffa, yayan mahaifina da ke Darmanawa. Shi ya riƙe Baba tun mahaifinsu ya rasu, shi ya sa shi a makaranta, shi ya nema masa aure. Har a lokacin, da farin gemunsa, Baba a durƙushe yake gaishe shi. Baffa ya zo wata ranar Lahadi bayan la'asar. Na kai musu ruwa zaure, Baffa ya ce in zauna, ai da ni ake yawon.

"Kai yanzu, da furfurarka, da darajar da Allah Ya ba ka, ka zama abin kallo a waya? Jikokina ne suka kawo min suna dariya, ba su ma gane ka ba."

"Allah Ya huci zuciyarka, Yaya."

"Ba zuciyata ba, mutuncinka. Kana da 'ya'ya mata a gida, gobe masu neman aure za su zo bincike, a ce musu ai 'yar tsohon nan ne mai jar mota. Kowaɗanne shekaru da abin hawansu. Da ran mai ita ba ka taɓa ɗora hannu a kanta ba. Yanzu ƙasa ta rufe shi, ka ɗauka kana zaga gari. Me kake so mutane su ce? Su ce dama jira kake?"

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Na kalli Baba ina jira ya faɗa, kalma ɗaya ta isa. Ya sunkuyar da kai yana bin saƙar tabarma da yatsa.

Baffa ya sassauta murya. "In mota kake so, a sayar da wannan a sayo maka ta manya mai ƙofa huɗu, ka zauna a baya yaron nan ya ja ka. Ka ji?"

"To, Yaya."

Duk wanda ya san Baba ya san wannan "to" ɗin ba yarda ba ce. Amma bai taɓa ce wa Baffa a'a ba, bai kuma san yadda ake farawa ba. Ya ci gaba da fita, sai dai ya koma fita da sassafe kafin titi ya cika.

Asabar ta biyu bayan nan, Baffa ya dawo da mai saye. Wani saurayi ne ɗan gidan abokinsa, gajere, mai ladabi, har ƙasa ya gaishe da Baba. Baffa ya ce dubawa kawai zai yi. Maƙwabta biyu-uku suka matso, yara suka taru. Baba ya shiga gida ya daɗe, sannan ya fito da makullin ya miƙa wa Baffa da hannu biyu.

Saurayin ya zagaya motar, ya duba taya, ya buɗe inji ya rufe. Ya buɗe ƙofa, ya ga filon, ya yi murmushi, ya ɗauke shi ya ɗora a kan rufin motar. Ya zauna. Sai ya yi abin da duk direba yake yi in ya shiga motar da ba tasa ba. Ya kai hannu ƙarƙashin kujera ya jawo ta gaba.

Har yau ina jin ƙarar nan, ƙarfe yana gudu a kan ƙarfe sannan ya ce ƙas.

Sai Baba ya kira sunan yayana.

Ba "mutumin" ya ce ba. Sunan ya kira, na yanka, da ƙarfi, ya ja ƙarshensa kamar mai kiran wanda ya yi nisa a layi yana so ya juyo. Ban taɓa sanin yadda sunan yake a bakinsa ba. Ashe ba yadda muke faɗa yake faɗa ba, da irin lafazin ƙauyensu yake faɗa. Saurayin ya fito da sauri yana waige-waige, ya ɗauka wani ake kira.

"Wurin zamansa ne," in ji Baba, muryarsa tana karyewa. "Nan ya bar ta. Nan ya bar ta da ya dawo daga aiki."

Daga cikin zaure muka ji kukan Umma. Ashe tana bayan ƙofa. Ita ma tun rasuwar ban ji kukanta da sauti ba sai ranar.

Baffa ya kalli motar, ya kalli filon da ke kan rufin, ya kalli ƙaninsa. Ya ja da baya ya zauna a kan dakali, ya cire hularsa ya riƙe. Ya daɗe yana salati. Sannan ya ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Da wane bakin, Yaya? Ranar sunansa na ɗauke shi a gaban mutane, ka ce in ajiye, ba a haka. Na ajiye."

Baffa ya sunkuyar da kai. Hawaye ne kawai suke bin gemunsa. Maƙwabtan suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Saurayin, wanda ba shi da laifin komai, ya yi ta ba da haƙuri, ya koma ya tura kujerar baya, ya ga kamar ta wuce, ya sake jawowa, yana tambaya, "Nan ne? Ko nan?" Duk motsin da ya yi sai Baba ya runtse ido. Daga ƙarshe Baffa ya ce masa, "Bari haka, ɗana. Je ka, babu ciniki." Ya tashi ya kamo hannun Baba ya sa masa makullin a ciki, ya naɗe yatsunsa a kai. Ya ce, "Ka hau abinka. Duk wanda ya yi magana a turo min shi."

Da kowa ya watse, na ɗauko tocila na kwanta a ƙasan motar. In akwai abin da na iya a duniya, to bin diddigi ne. Layin ƙarfen da kujerar ke gudu a kai ya yi ƙura da tsatsa, amma akwai wurin da ya rage fes, inda ta daɗe a zaune. Na yi ta matsarwa a hankali har ta hau daidai kan alamar, babu ragi babu ƙari. Na mayar da filon. Na shiga na sami Baba a ɗakinsa, rediyo a kashe.

"Baba, na mayar da ita. Daidai inda take, na duba alamar."

Ya dube ni, ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Ya ce, "Allah Ya yi maka albarka. Ka mayar da ita. Amma ba shi ya ajiye ta ba."

Bai sake tuƙa motar ba. Maganar ta zaga layi, masu raha suka yi shiru, wasu har suka zo suka sake yi masa ta'aziyya kamar yau aka yi rasuwar. Liman ya dawo tura shi gaba. Baffa ya riƙa aiko tambaya ko an fita da motar. An ba Baba izinin da yake nema a lokacin da abin da yake nema a cikin motar ya riga ya tafi. Motar ta koma ƙarƙashin tamfol.

Sai wata Juma'a, damina ta kusa fita, ina shirin masallaci, ya miƙo min makullin. Ya ce, "Gyara kujerar daidai tsayinka." Ya zagaya ɗaya gefen. Na bi shi na buɗe masa ƙofa, na kama hannunsa ya zauna, na riƙe masa hula kada ta faɗi.

Mota ɗaya, titi ɗaya, mutane su ne dai na jiya. Wuri kawai muka canza. Amma a danja wani mai adaidaita ya leƙo ya ce, "Kai, Allah Ya yi wa yaron nan albarka! Baba, ka haifa!" A ƙofar masallaci mutane suka riƙa nuna mu, saurayi ya kawo babansa Juma'a a motarsa. Hoton da yayana ya yi ta nema ke nan. Baba ya juya fuskarsa wajen taga, bai juyo ba har muka tsaya.

A hanyar dawowa muka biya gidan mai. Mai zuba man nan ya gan ni a sitiyari, ya ga Baba a gefe, ya tafa hannu. "Au! Baba, ashe ba direba ba ne! Ashe ta ɗanka ce!" Yana nuna ni.

Baba ya ce, "E. Ta ɗana ce."

Ba ni yake kallo ba. Gaba yake kallo, ta wajen Tarauni.

Baba ya rasu shekaru kaɗan bayan na gama jami'a. Kafin nan, kusan duk Juma'a ni nake kai shi, kuma daga baya har ya kai yana cewa in tsaya a bakin maƙabarta, mu shiga tare. Sunan dai bai sake kira ba a gabana, sau ɗayan nan ne. Motar ta tsufa, kayan gyaranta suka yi wuya, muka rabu da ita. Ban yi baƙin ciki sosai ba, domin na san abin da ke cikinta ya daɗe da fita.

Ba na cewa duk dattijon da kuka gani a motar samari makoki yake yi. Wani so kawai yake, ya yi ƙuruciyarsa yana ciyar da mutane, sai yanzu ya samu, kuma wannan ma ya ishe shi dalili. Abin da na sani shi ne, mun raba wa motoci shekaru kamar yadda muka raba wa huluna, in muka ga mutum a wadda ba mu ba shi ba sai mu yanke masa hukunci tun kafin danja ta sake mu. Mutanen layinmu sun san Baba shekara da shekaru, ɗan'uwansa ma da ya raine shi ya san shi, amma da suka ga furfura a jar mota, furfurar da motar kawai suka gani. Shi ya sa har yau, in na ga irin hoton nan, ba fuskar dattijon nake fara dubawa ba. Bayansa nake dubawa, ko akwai filo.

Namu filon yana ɗakin Umma. Shi take jingina da shi in ta idar da salla tana lazimi. Shaddar ta koɗe, ta sha ɗinki a gefe. Kwanaki wata jikarta ta tambaye ta na waye, me ya sa ba ta bari a hau. Ta shafa shi ta ce, "Na wani ne."